Goyon Ƙashi

Duk wanda ya saba bin titin bayan gidan ruwa ya san lambun Donme. Ba wani lambu ba ne na a zo a gani. Ɗan fili ne siriri tsakanin katanga da kwalbati, an jera baƙaƙen ledoji sahu-sahu kowace da tsironta, ga durom biyu da suka sha faci, ga tiyo da aka ɗaure da roba a wuri bakwai. Shekara arba'in da ɗoriya yana wurin. Titin ma a gabansa aka zuba masa kwalta, kuma ma'aikatan ba su tafi ba sai da ya tsare mai tuƙa motar daɓe ya tambaye shi don me ake yayyafa wa ƙatuwar tayar ƙarfen ruwa.

Daga nan ka gane inda sunan ya samo asali. Tun yana yaro ba a faɗa masa magana ta wuce ba tare da ya ce "don me?" ba, har sunan yanka ya ɓace. Da ya tasa sai Allah ya haɗa shi da wani tsoho mai lambu wanda bai yarda da amsa tambaya ba sam. In ka ce masa don me, sai ya miƙo maka butar ban-ruwa. Shekara shida Donme ya yi a hannunsa, kuma da yake ba wanda zai faɗa masa, sai ya koyi dubawa da kansa. Ya tone iri ya ga ko ya tsaga, ya zare tsiro daga leda ya ga inda jijiya ta nufa. Ilimi dai ya samu, amma tsirrai sun ji jiki.

Aikinsa kashi uku ne, kuma ba ya son a haɗa masa su. Akwai dashe, wato ka cire tsiro daga nan ka kai can. Akwai aure, ka yanko reshen mangwaro mai daɗi ka haɗa a jikin wanda ba shi da daɗi amma yana da ƙarfi. Sai na uku, wanda shi da kansa ya raɗa wa suna goyo, don tsohon bai taɓa kiransa da komai ba. Za ka sami reshe lafiyayye a jikin uwarsa, ka zagaye shi da wuƙa ka ɓare ɓawo kamar faɗin yatsa biyu, ka dunƙula jiƙaƙƙen garin katako da taki a wurin, ka naɗe da baƙar leda ka ɗaure sama da ƙasa. Reshen yana nan yana shan uwarsa, yana kuma fitar da tasa jijiyar a cikin dunƙulen. Bayan wata biyu sai ka yanke shi ka dasa, ya tashi bishiya mai zaman kanta.

A nan ne ciwon Donme yake. Wata biyu abu yana faruwa a cikin baƙar leda, a gaban idonsa, kuma a ce kada ya gani! Yakan daure mako biyu, wani lokaci uku, sai ka ga ya waiga hagu ya waiga dama kamar mai shirin sata, ya kwance bakin ledar ya leƙa. Sabuwar jijiya kuwa ba ta da ƙwari ko kaɗan, iska ta taɓa ta sai ta bushe. Cikin goyo goma yakan kashe huɗu da idonsa, ya dawo gida yana zagin garin katako.

Matarsa ta gaji da faɗa tun yaransu suna ƙanana. Wadda ta yi maganinsa 'yarsa ce ta fari, wadda yake kira Uwata. Tana 'yar shekara tara ta daina barinsa ya ɗaure leda da igiya, sai ta ɗinke ta da allura da zare, da wani irin ɗinki nata mai komawa baya wanda in an farke ba ya mayuwa yadda yake. Da yamma ta zagaya tana duba ɗinkinta, in ta ga an taɓa sai ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Baba, ka leƙa."

"Ni? Tsuntsu ne."

"Tsuntsu mai wuƙa?"

Ba wanda ya yi mamaki da ta girma ta zama tela. Ta kama shago a bakin tasha, da keken ɗinkinta na ƙafa da ta ƙi rabuwa da shi ko da aka yi ta ba ta shawarar na wuta. Ta yi aure, mijinta direban babbar mota ne da ya fi daɗewa a hanya, ta haifi biyu. Amma duk sanda ta zo gida ta ga uban yana haɗa goyo, sai ta zaro allura daga bakin zaninta. Na ƙarshe da ta ɗinke masa a jikin lemon tsakar gida ne, ranar wata Lahadi da la'asar.

Ranar Talata motar yashi ta bi ta kan babur ɗin da ya ɗauko ta. Rai ya tsira, amma ƙashin ƙwaurinta na dama ya ragargaje, kuma da aka gama tsince abin da ba zai gyaru ba, sai aka sami giɓi kamar taƙi guda ba ƙashi. Aka kafa wa ƙafar wasu zobban ƙarfe daga waje don ta tsaya. Likitan ƙashi, wani dogon mutum mai tsumulmular magana da gilashinsa kullum a goshi, ya ce ƙashi yana ɗinke kansa in giɓin ƙarami ne, amma wannan ya fi ƙarfinsa. Sai aka sa mata wani abu da aka ƙera, aka jiƙa shi da ɓargonta, aka cike giɓin da shi, da fatan ƙashi ya bi ta ciki ya gina kansa. Wata huɗu ana jira. Sai zazzaɓi ya zo, sai mugunya, aka sake kwantar da ita aka ciro abin.

Wata tara da hatsarin, ranar wata Litinin, Donme ya turo ta a keken marasa lafiya zuwa ofishin likitan. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo, kuma ta daina tsokanar kowa. Wannan shi ya fi damun uban fiye da ƙarafan.

"Bakin nan biyu sun kama," in ji likitan, yana nuna hoton ƙashin da aka ɗauka kafin a ciro abin. "Tsakiyar ce ta mutu. Jijiya ba ta shiga ba."

Donme ya ɗago kai. Wata tara yana jin maganar likitoci kamar ana ruwa a kan kwano, yau ne ya fara jin kalmar da ya sani.

Likitan ya ce hanya biyu ta rage. Ko dai a sake gwadawa ta wata dabara mai tiyata biyu da jiran wata da watanni, ko kuma a yanke daga ƙasan gwiwa a yi mata ƙafar roba, ta koma gida cikin makonni. Bai gama bayanin ta farkon ba ta katse shi.

"A yanke, Likita."

"Ki bari in gama."

"Na gaji. Yarana sun fara kiran ƙanwata Mama. A yanke in huta."

Likitan ya sauko da gilashinsa, ya ce zai zo gadonta ranar Alhamis da takardu biyu, wadda ta sa wa hannu ita za a yi. Nas ta zo ta tura ta ɗaki. Donme ya kamata ya bi su, amma bai tashi ba. Ya zauna yana murza hularsa a kan gwiwa.

"Ranka ya daɗe, wace jijiyar ce ba ta shiga ba?"

"Ta jini, Baba."

"Ita ma tsirowa take yi?"

Likitan ya dube shi, ya dubi agogo. Wataƙila don ya daɗe ba a tambaye shi wani abu ba ban da yaushe za a sallame mu, sai ya ja aljihun tebur ya ciro wani farin abu kamar guntun rake ya miƙa masa. Ya ce irinsa ne aka sa mata. Donme ya juya shi a hannu. Ba nauyi, da tauri kamar alli, ga ƙofofi birjik kamar soso. Ya ɗaga shi ya duba ta haske. Ya kai baki ya hura, ya ji iska ta fita ta ɗaya gefen. Sai ya tsoma yatsa a kofin ruwan likitan, ba ko neman izini, ya ɗiga a kai yana kallon yadda ruwan ke nitsewa.

"Ƙofofin nan don jijiya aka bar su?"

"Don ita. In sun yi ƙanana ba ta shiga, in sun yi manya abin ba ya ɗaukar nauyi."

"Kamar ƙasa ke nan. Laka zalla jijiya ba ta hudawa, yashi zalla ba ya riƙe bishiya. To don me ta ƙi shiga, ga hanya an bar mata?"

Likitan ya gyara zama. Ya ce ba ƙi ta yi ba, tafiyarta ce a hankali. Naman da ya rasa jini yakan saki wani abu da ke kiran jijiyoyi, su kuma su fara tsirowa su nufo shi. Sai dai a yini guda ba su cin ko kaurin farce. Na bakin giɓi sai jini ya riske su da rai, na tsakiya kuwa kafin a iso sun mutu. Ga shi ƙwauri wuri ne mai ƙarancin nama, hatsarin kuma ya ƙara lalata na wurin.

"Ashe ƙishi ne ke kiranta," in ji Donme a hankali. "Ni ma haka na gani. Tsiron da ka cika wa ruwa ba ya jijiya, ya zama malalaci. Wanda ka hana kuma ya mutu. To ita wannan dabarar da Uwata ta hana ka faɗa fa?"

Likitan ya ce wannan karon ba za a kai abin ƙafa kai tsaye ba. Za a fara ɓoye shi a wurin da jini ya wadata, a cikin tsoka mai kauri, a ratsa wata jijiyar jini ta tsakiyarsa, don tsiron ya fara daga ciki ya fito waje. A bar shi mako goma. In ya cika da jijiyoyi sai a ciro shi tare da uwar jijiyar, a kai ƙafa, a ɗinke ta da ta wurin a ƙarƙashin madubi mai ƙara girma.

"A wace tsokar?"

"Ta baya. Nan, ƙasan kafaɗa."

Donme ya miƙe tsaye, hula ta faɗi ƙasa.

"A baya? Ranka ya daɗe, ai goyo ne!"

Likitan bai gane ba, sai da aka zana masa reshe da dunƙule a bayan takardar magani. Ya daɗe yana kallon zanen, har ya ɗan yi murmushi. Amma ya ce wa Donme kada ya ɗauka alkawari ne. Ba a yi wa mutane da yawa ba, yana iya kamawa yana iya ƙi, kuma in ya ƙi yankewar dai za a koma bayan ƙarin wahala. Donme ya ce ai goyo ma haka yake, sai dai bai faɗi dalilin da nasa ke ƙi ba.

Ya isa gida da la'asar yana sauri, ya tarar da matarsa tana shanya.

"An sami hanya. Goyo za ta yi."

Matar ta saki zanin da ke hannunta. "Malam, kana da hankali kuwa? Yarinya na kwance da ƙarafa a ƙafa kana maganar goyo? Yaushe ma aka yi cikin?"

"Ƙashi za ta goya."

"Ƙashin wa?"

"Nata. Wanda ba a haifa ba tukuna."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ce ta san za a rina, shekara arba'in mutum yana magana da itatuwa. Sai da ya ja ta gindin lemon ya nuna mata dunƙulen da ke rataye ya yi bayani sau biyu, sannan hankalinta ya kwanta. Ta ce ita ta gane, amma ba ita za ta sa hannu ba, kuma ya san halin 'yarsa.

Ya sani. Magana ba ta juya Uwata, sai abin da ta gani da ido, don a nan ta gado shi. Saboda haka washegari ya zagaya lambu ya zaɓi goyon gwaiba mai mako bakwai, mafi girman dunƙule, ya yanke, ya sa a buhu ya nufi asibiti. Mai gadin ƙofa ya ce ba a shiga da itace, Donme ya ce don me, kuma kafin mutumin ya gama neman amsa ya wuce.

Ɗakin mata ne mai gado takwas, da labule kore tsakanin gado da gado. Ya baje buhun a kan kujera, ya yi mata bayanin abin da likita ya ce, tun daga ƙofofi har zuwa tsokar baya. Tana kwance tana kallon fanka. Matan sauran gadajen kuwa duk sun juyo, har da mai karaya a ƙugu.

"Yanzu ki duba da idonki abin da reshe ke yi in an bar shi a bayan uwarsa," in ji shi, ya zaro wuƙa ya tsarge ledar.

Garin katako ya zube a ƙasa. A ciki ba komai, sai reshe baƙi da ya fara ruɓa, da wasu 'yan zarurruka biyu busassu.

Uwata ta juyo da kai ta dubi reshen, ta dubi igiyar da aka ɗaure bakin ledar da ita, mai ƙulli a kan ƙulli. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Dariya ce, irin wadda bai ji ba tun kafin hatsarin, ta yi ta yi har da hawaye.

"Baba, ka leƙa."

"Sau ɗaya ne."

"Ƙulli uku nake gani."

Matan ɗakin suka kwashe da dariya, shi ma ya yi yaƙe. Amma da dariyar ta lafa sai fuskarta ta koma yadda take. Ta nuna baƙin reshen da haɓa.

"Ka ga abin da nake gudu ke nan. A buɗe ni bayan mako goma a tarar da wannan. Na riga na gani sau ɗaya, Baba, na ji warinsa. Ka tafi da abinka, na gode."

Nas ta zo ta yi masa faɗan ƙazanta. Ya durƙusa ya kwashe garin katakon da hannunsa, ya fita da buhunsa. Kunya ta kama shi ƙwarai, da baƙin ciki, don ya zo gyara ya ƙara ɓatawa, kuma da halinsa na kullum ya ɓata.

Ranar Laraba bai je lambu ba. Ya ɗauko kujera ya zauna a gindin lemon tsakar gida yana kallon dunƙulen da ta ɗinke. Wannan kaɗai ne a duk rayuwarsa bai taɓa leƙawa ba. Ba haƙuri ya koya ba. Duk sanda ya kai hannu ya ga ɗinkin nan mai komawa baya, sai ya tuna cewa ta yi shi ne a tsaye a kan ƙafa biyu, tana ɗage saboda reshen ya yi mata tsawo, sai hannun ya dawo. Yanke shi ma ya kasa, ga lokacinsa ya wuce da wata bakwai. Abin da yake yi kawai, ya samo sirinji a asibiti, duk bayan kwana uku ya tsira allurar ta saman ledar ya ɗura ruwa.

Bai san abin da ke ciki ba. Wata tara ya yi yawa, yana iya yiwuwa jijiyar ta fito ta shaƙe kanta ta mutu. In ya kai ta buɗe aka sake ganin baƙi, to shi da hannunsa ya sa mata hannu a takardar yankewa, kuma ya kashe abu na ƙarshe da ta yi tana lafiya. Hanya mai sauƙi ita ce ya ɗan farke gefe ya duba kafin ya tafi. Ya zaro wuƙa. Matarsa tana bakin madafa tana kallonsa. Ya daɗe da wuƙar a hannu, sannan ya kai ta ƙasan dunƙulen ya yanke reshen daga jikin uwarsa.

Da ya shiga ɗakin asibitin da reshen a hannu, Uwata ta ce, "Baba, don Allah kada ka sake."

Ya ɗora mata reshen a cinya, da koren ganyensa. Ta gane ɗinkinta nan take. Ta bi shi da yatsa daga sama har ƙasa, tana neman inda aka taɓa, ta juya ta sake bi. Rana ta cinye launin zaren, amma ko ɗaya bai motsa ba.

"Ba ka leƙa ba?"

"Ban leƙa ba."

"Wata tara?"

"Ni ma ban san abin da ke ciki ba, Uwata. In baƙi ne, gobe ni zan riƙe miki takardar."

Ta karɓi ɗan almakashi a wurin nas, ta shiga farke ɗinkin ɗaya bayan ɗaya, yadda tela ke yi in ba ya son ɓata yadi. Ledar ta buɗe, amma ba abin da ya zube. Garin katakon ya zama dunƙule guda mai tauri, jijiyoyi sun naɗe shi ta ko'ina, farare da jajaye, sun shiga sun fita sun sarƙe har ba wurin sa yatsa. Mai karaya a ƙugu ta yi salati. Donme ya matso da fuskarsa kamar zai shige ciki, don bai taɓa ganin goyo ya cika haka ba.

Uwata ta daɗe tana riƙe da shi. Ta danna da babban yatsa, ya ƙi lotsawa.

"Mako nawa ya ce?"

"Goma."

"Zan yi, amma da sharaɗi. Daga ranar da aka sa min shi har ranar da aka ciro, ba leƙe. Ba a lambu ba, ba a ofishin likita ba. In zan iya jira ban gani ba, kai ma ka iya."

Ya ce ya yarda, kuma matan ɗakin bakwai suka zama shaidu.

Makonni goman nan sun fi masa shekara shidan tsohon tsawo. Yakan zagaya lambu hannuwansa a baya, ɗaya riƙe da ɗaya, kamar wanda aka kama. Abin haushin ma, goyo ashirin da biyu ya haɗa a lokacin, ashirin da ɗaya suka kama, kuma matarsa ba ta bar shi ya manta da wannan ba. A mako na shida aka yi wa Uwata hoton baya. Likitan, wanda yanzu yakan tsaya ya tambaye shi labarin gwaiba, ya juyo da fuskar kwamfuta ya ce, "Baba, zo ka ga wani abu." Donme ya ji kamar ana jansa da igiya. Ya taka ɗaya, ya dubi 'yarsa da ke kwance rubda ciki, sai ya juya ya fuskanci bango ya shiga karanta takardar wanke hannu da aka manna a wurin, har ƙasa.

Ranar tiyata ta biyu an shiga da ita da hantsi, ba a fito ba sai bayan la'asar. Shi da matarsa da mijinta suna kan benci a baranda. Da ƙofar ta buɗe likitan ya fito da hular tiyata a kai, ya wuce kowa ya tsaya a gaban Donme.

"Kafin in ɗauke shi daga bayan, na huda shi har tsakiya," ya ce. "Ya yi jini, Baba. Da na haɗa jijiyar a ƙafa na sake hudawa. Ya sake yi."

Wata goma sha biyu ke nan duk sanda aka ambaci jinin 'yarsa sai gabansa ya faɗi. Yau ya ji an ce ta yi jini, sai farin ciki ya kama shi. Likitan ya ɗan jira, don ya saba da tambayoyinsa. Amma ba tambayar da ta zo, tsohon ya rufe fuska da hularsa yana kuka.

Ƙashi ba ya sauri. Sai da aka ƙara shekara da wata biyu kafin a cire ƙarafan, kuma ƙafar ta fito ta gaza 'yar'uwarta da kaurin yatsa, har yau da ɗan ɗingishi take tafiya. Lemon da aka yanke yana bakin shagonta a cikin rabin durom, ya fara fure. Ranar da ta fara taka keken, ba ta karɓi ɗinkin kowa ba. Ta yini tana haɗa wani abu da leda, da yamma ta hau mota ta sauka a bayan gidan ruwa da sandarta, ta miƙa wa uban ƙunshi.

Rigunan goyon reshe ne, guda goma sha biyu. Kowace baƙar leda ce mai kauri, da igiyar zugewa sama da ƙasa. A gefe kuma ta yanke ɗan murabba'i ta ɗinke farar leda mai nuna ciki, ta rufe shi da baƙin marfi mai maɓalli. In ka ɓalle ka ga komai, iska kuwa ba ta shiga. Shekara arba'in mutumin nan yana tambayar duniya don me, bai taɓa tunanin taga ba.

Ya juya ɗaya a hannu, ya ɓalle maɓallin, ya mayar, ya sake ɓallewa. Ta tsaya a gabansa a kan ƙafafunta biyu, ta jingine sandar a jikin durom, ta riƙe ƙugu.

"To, Baba," ta ce. "Leƙa."